A Cika Tanki Ko A Tsakura? Muhawarar Masu A-kori-kura a Bauchi

Tambaya ɗaya ce yaron gidan mai yake yi wa duk direban da ya tsaya a gaban famfo: "Na nawa za a zuba?" Mai ƙaramar mota yakan amsa ba tare da dogon tunani ba. Ga wanda ke riƙe da a-kori-kura mai shan dizal kuwa, wato man da 'yan tasha ke kira gas, amsar tana da nauyi. Tankin Hilux ta zamanin nan lita 80 yake ci. Ko da an sayar da lita a kan naira 1,000 cif, cika shi daga ƙasa naira 80,000 ke nan, kuɗin da ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Wannan ya sa a garin Bauchi, tun daga masu dakon doya da tumatir a kasuwar Muda Lawal har zuwa direbobin ma'aikatu da na 'yan kwangila, an rabu gida biyu. Wasu na cewa a cika tanki a huta. Wasu na cewa a zuba daidai tafiyar yau, gobe ma rana ce.

Mai motar dizal a ƙasar nan ya daɗe da sanin zafin kasuwa. Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, shi an yi shekaru da janye masa nasa. Wannan bambanci ne dalilin da ya sa akasarin Hilux ɗin da ke yawo a titunanmu masu shan fetur ne. Wanda ya zaɓi ta dizal ya zaɓe ta ne saboda ƙarfin jan kaya da ƙarancin shan mai, yana sane da cewa babu gwamnatin da za ta rage masa ko kwabo. A watan Janairun 2022 litar dizal ba ta kai naira 300 ba. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairu, kafin tsakiyar shekara lita ta haura 700, kafin ƙarshenta ta haura 800. A farkon 2024, bayan faɗuwar darajar naira, akwai wuraren da aka sayar da ita sama da 1,500. Sannan man da muke sha a Bauchi daga nesa yake zuwa. Bututun da aka shimfiɗa daga Kaduna zuwa defo-defo na Jos da Gombe ya daɗe ba a dogara da shi ba, a bayan tanka ake ɗauko mai daga kudu, tafiyar sama da kilomita 1,000 idan daga Legas ne. Ɗanyen man Kolmani da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamban 2022, a kan iyakar Alkaleri da jihar Gombe, bai kai ga bakin famfon kowa ba tukuna. A cikin wannan hali ake gardamar.

Masu cewa a cika, hujjarsu ta farko hanya ce. Manyan tituna biyar ne suka fita daga Bauchi: na Jos, na Kano, na Maiduguri, na Gombe da na Dass. Hilux mai lafiyar inji, a kan kwalta, ba tare da kaya mai nauyi ba, takan ci kilomita 10 zuwa 12 da lita guda. Ke nan cikakken tanki zai kai mutum kilomita 800 ko fiye. Kano ta Kafin Madaki da Ningi da Birnin Kudu kimanin kilomita 300 ce, sai a je a dawo da tanki ɗaya ba a tsaya neman mai a ko'ina ba. Amma a-kori-kura ba don kwalta kaɗai aka saye ta ba. Ita ce ke shiga Burra, ita ce ke ratsa ƙauyukan Duguri da Futuk, ita ce ke kai taki gona ta dawo da masara. A irin waɗannan wurare gidan mai, in ma akwai shi, fetur yake ajiyewa, domin masu babur da ƙananan motoci ne abokan cinikinsa. Dizal sai dai a jarka a gefen titi, a hannun 'yan bumburutu, da tsada kuma babu wanda ya san asalinsa. Da damina, idan mota ta faɗa taɓo aka sa mata giyar ƙafa huɗu, lissafin da aka yi a gida yakan rushe cikin awa guda. Ko hawan Jos ma, daga Nabordo zuwa Tilden Fulani da kaya a baya, ya isa ya nuna wa direba cewa allurar geji ba ta sauka da gudu iri ɗaya a kowace hanya.

Hujja ta biyu daga gareji take fitowa, kuma ita ce na fi ganin ƙarfinta. Injin fetur idan mai ya ƙare masa, a zuba galan guda a murɗa makulli ya tashi. Injin dizal ba haka yake ba. Da zarar ya zuƙi iska, sai an buɗe gaba an yi ta danna ɗan famfon da ke kan filta har iskar ta fita, wani lokaci sai an sassauta bututu, batir kuma ya sha wuya kafin a ji ƙara. A tsofaffin injuna, irin 5L na Hilux da 1HZ na Land Cruiser, abin yakan tsaya a ɓata lokaci da ɓacin rai. Sababbin kuwa, irin 2.4 da 2.8 da ke cikin Hilux tun daga 2015, famfonsu yana tura mai da matsin da ya kai bar 2,000, kuma man da kansa ne ke sanyaya famfon da injektoci, shi ne kuma ke hana ƙarafunansu cin juna. Wani kaso na man da aka tura yakan dawo tanki da zafinsa. Idan lita 60 ya tarar, zafin ya baje. Idan lita 5 ya tarar, a watan Afrilu, a kan titin Darazo, mai zafi ne zai yi ta zagayawa yana komawa cikin famfo.

Sai batun ruwa. Tankin da babu mai a cikinsa cike yake da iska, iskar damina kuma tana ɗauke da laima. Dare ya yi sanyi, laimar ta zama raɓa a jikin bangon tanki, ta gangara ƙasa, domin ruwa ya fi dizal nauyi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya taru. A inda ruwa da mai suka haɗu wasu ƙananan halittu kan hayayyafa su zama baƙar dauɗa mai yauƙi da ke toshe filta. Kamfanin da ya ƙera motar ya san da haka, shi ya sa ya sa mata matarar ruwa a ƙasan filta da wata 'yar fitila a gaban direba da ke kamawa idan ruwan ya yi yawa. Direbobi da yawa fitilar takan kama su ci gaba da tafiya, har sai ruwa ya isa injekta, a nan kuma ba maganar canjin filta ake yi ba, maganar kuɗi ce mai yawan gaske. Akwai abin da ake yawan faɗa a tasha, wai idan mai ya yi ƙasa ne mota ke zuƙo dattin gindin tanki. Gaskiyar ita ce bututun zuƙa kullum daga gindin yake sha, ko tanki cike yake ko ba cike ba. Abin da ke canzawa shi ne, ɗan man da ya rage yana kaɗawa gaba da baya a kan gargada, ya tayar da dattin ya tattara shi wuri guda, a kan kwana ko hawa kuma bakin bututun ya fito fili ya sha iska.

To, me masu tsakurawa ke cewa? Ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cewa suke yi mai wannan magana bai taɓa kai balas da yamma ba.

A ɗauki direban da aikinsa bai wuce cikin gari ba. Ya ɗauki siminti a Wunti ya kai Yalwa, ya dawo ya ɗauki kayan gwari a Muda Lawal ya kai Fadamar Mada, wuni guda da ƙyar ya ci kilomita 50. Lita 5 ko 6 ta ishe shi. Idan ya cika tanki, ya binne kuɗin man mako biyu a ƙarƙashin mota, alhali maigida na jiran balas yau, ga tikitin ƙungiya, ga cefane, ga taya da ta fara nuna waya. Kuɗin da ke cikin tanki ba ya sayen magani idan yaro ya kwana da zazzaɓi. Ɗan kasuwa ya san cewa jari juyawa yake so, kuma naira 70,000 da za ta je kasuwar Soro ta sayo hatsi ta dawo da riba ta fi wadda ke kwance tana jiran a ƙone ta. Wannan hujja ba ta da aibi. Duk wanda ya raina ta, bai san yadda akasarin masu wannan sana'a ke rayuwa ba.

Hujjarsu ta biyu ba a cika faɗinta da ƙarfi ba, amma kowa ya san ta. Dizal kuɗi ne a hannu. Mai injin niƙa na so, mai janareta na so, mai tarakta na so, kuma tiyo mai tsawon kamu biyu da jarka sun isa su rage wa tanki lita 20 cikin 'yan mintuna. Mai mota da ke kwana a gida, motarsa na kwana a wani wuri, yakan ce: "In na cika masa, ai na buɗe masa shago ke nan." Ma'aikatu da kamfanoni da yawa saboda wannan tsoron suke ba da takardar mai ta lita 20 ko 30, ko da tafiyar ta fi haka. Ba direba kaɗai ake zargi ba; motar da ke kwana a bakin titi, wanda bai taɓa riƙe makullinta ba ma yana iya ɓalle murfin tanki.

Suna kuma kawo maganar farashi, kuma tarihi na kusa ya ba su abin kafa hujja. A watan Afrilun 2024, da matatar Dangote ta fara fitar da dizal, ta sa farashinta a naira 1,200, ba a jima ba ta sauke shi zuwa 1,000. Wanda ya cika tanki da durom a ƙarshen Maris yana tsoron ƙarin tsada, ya wayi gari maƙwabcinsa na saye da rahusa. Bambancin naira 300 a kan lita 80 naira 24,000 ne. Sannan akwai gurɓataccen mai. An san ana cakuɗa dizal da kananzir ko da wasu tarkacen mai, an san wanda ake dafawa a dazukan Neja Delta yana shigowa kasuwa. Mai tsakurawa yana cewa, idan lita 10 ya saya aka cuce shi, zai iya ƙara mai kyau a kai ya tsira da canjin filta. Wanda ya cika da mugun mai kuwa sai an kwance tanki an zubar da lita 80 gaba ɗaya.

Akwai wata hujja da suke ƙarawa wadda ban ga ta kai sauran ba, ita ce nauyi. Wai cikakken tanki yana sa mota shan mai. Litar dizal ba ta kai kilo guda ba, lita 80 kimanin kilo 67 ce, ba ta kai buhun masara ɗaya ba, a jikin motar da ita kanta ta kai tan 2 kuma ake ɗora mata wani tan ɗin. Taya mara isasshiyar iska, ko barin inji na aiki a tsaye don a sha sanyin mota, kowannensu ya fi wannan nauyi cin mai.

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, sai a ga ba duka suke tsayawa a inda masu su suka ajiye su ba.

Maganar gurɓataccen mai, alal misali, kaifi biyu gare ta. Mai sayen lita 10 sau takwas ya tsaya a gaban famfo sau takwas, kuma ba kullum a wuri ɗaya ba, domin wanda mai ya kusa ƙare wa ba shi da zaɓi, inda ya samu nan zai sha. Mai cikawa kuwa shi ke zaɓen gidan mansa. Yana iya zuwa inda tireloli da manyan motoci ke layi, inda mai ba ya kwana da yawa a rumbu, ya kuma ƙi sha a daidai lokacin da tanka ke juye kaya tana tayar da dattin ƙasa. Idan aka cuce shi ya san wanda zai koma wa da rasit a hannu. Wanda ya sha a wurare huɗu cikin mako guda, injekta ta lalace, wa zai kama?

Maganar farashi kuma caca ce, ba hujja ba. Wanda ya cika a Maris na 2024 ya yi asara, wanda ya cika a Fabrairun 2022 ya ci riba, kuma babu ɗayansu da ya san abin da gobe za ta kawo. Motar da ke aiki kullum lita nawa za ta ƙona a shekara, za ta ƙona su ko ta wace hanya aka zuba.

Batun sata ne ya fi ba ni mamaki, domin a nan ne nake ganin masu motoci suna yi wa kansu illa da hannunsu. Tsakurawa ba ta hana sata, ɓoye ta take yi. Allurar geji ba ma'auni ba ce. Tanki ba murabba'i ba ne, an lanƙwasa shi ne ya dace da ƙarƙashin mota, shi ya sa allura takan daɗe a sama sannan ta ruga ƙasa. Mai motar da ke ba da kuɗin lita 15 yau, 20 gobe, 10 jibi, ba zai taɓa sanin abin da motarsa ke sha ba, kuma ba zai san ko duk kuɗin ya shiga tanki ba. Hanya ɗaya ce tak ta sani. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita da ke gaban direba. A yi aiki. A dawo famfo ɗaya a sake cikawa har ya tsaya, a rubuta lita nawa ta shiga da kilomita nawa aka ci, a raba. Bayan an yi haka sau uku ko huɗu, motar ta faɗi gaskiyarta. Ranar da lissafi ya sauka daga kilomita 11 zuwa 7 a kan hanya iri ɗaya da kaya iri ɗaya, to akwai magana: ko tiyo ya shiga, ko injekta na zubar da mai, ko filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu.

Wannan lissafi kariya ne ga direba mai amana, kuma su ne suka fi yawa. Babu abin da ke ci wa irin wannan mutum rai kamar ya dawo daga Azare a gajiye, ya ce, "Alhaji, mai ya yi ƙasa," a dube shi da wani irin ido a ce, "Har ya ƙare?" Ba shi da abin da zai nuna sai rantsuwa. Littafin da aka rubuta lita da kilomita a ciki ya fi rantsuwa wanke shi. Mai motar da ke tura direba Maiduguri ba kuɗin abinci ba na makwanci, shi ma ya kamata ya binciki kansa kafin ya binciki tanki.

Hujjar jari ce kaɗai ta tsaya da ƙafarta, kuma ba ni da niyyar ture ta. Ba za a ce wa mutumin da ribarsa ta wuni ba ta kai kuɗin lita 10 ba ya nemo na lita 80. Abin da zan ce masa shi ne, matsalarsa ba yawan abin da yake zubawa ba ce, inda allurarsa ke kwana ce. Akasarin masu tsakurawa a kan jan layi suke rayuwa: fitilar mai na kunne su zuba lita 6, ta mutu, da la'asar ta sake kamawa. Da zai daure sau ɗaya, a mako mai albarka irin na kaka, ya ɗaga man zuwa kwatar tanki, wato lita 20, sannan ya ci gaba da zuba lita 6 ɗinsa kullum a kai, kuɗin da yake kashewa a rana ba zai ƙaru da ko naira ɗaya ba. Lita 20 ɗin nan sau ɗaya ake sayenta. Ita za ta hana motar shan iska a kan shataletalen Gidan Mai da kaya a baya, ita za ta ba shi damar wuce gidan man da bai yarda da shi ba, ita kuma za ta sa ya iya karɓar aikin Dass na gaggawa ba tare da ya fara neman rance ba.

Su ma masu cikawa akwai inda suke wuce gona da iri, kuma ana ganinsa kullum. Famfo ya tsaya, direba ya ce, "Ƙara, ai kumfa ce." Da gaskiyarsa, dizal na yin kumfa, musamman a babban famfon da aka yi domin tireloli, wanda ke turo mai da ƙarfin da wuyan tankin ƙaramar mota ba zai iya haɗiyewa ba. Idan aka dakata kaɗan kumfar ta kwanta, aka ci gaba a hankali har famfo ya sake tsayawa, tanki ya cika. Amma sai ka ga an hau da tayar baya kan tubali, yara biyu na girgiza mota, ana ɗiga mai har ya leƙo baki. Wurin da suke ƙoƙarin cikewa da gangan aka bar shi. Mai na kumbura idan ya ji zafi. Lita 80 da aka zuba da sanyin asuba, idan zafinta ya ƙaru da digiri 15 a rana, takan ƙaru da kusan lita guda. Idan babu inda za ta je, ta ƙofar shan iskar tanki ko ta murfi za ta fita. Ta zube a kwalta ta zama tarkon masu babur, ta jiƙa robobi, ƙura ta manne a kai ta toshe ƙofar iskar. An biya kuɗin litar, ba a ƙona ta ba, an kuma jawo gyara.

Daga nan gardamar kan koma kan ƙarin tanki. Masu doguwar tafiya suna kallon Land Cruiser a-kori-kura, wadda kamfani ke fitarwa da tankin lita 130, wasu ma da tankuna biyu na lita 90 kowanne, su ce me zai hana a yi wa Hilux haka? Sai a je wurin mai walda a ƙera akwatin ƙarfe a ɗaure a bayan mota, ko a jera jarkoki huɗu a rufe da tamfol. Masu goyon baya na cewa dizal ba fetur ba ne, kuma haka ne: sai zafinsa ya haura digiri 50 yake fitar da tururin da zai kama wuta, alhali fetur ko a cikin sanyin hunturu a shirye yake. Gobarar tankar Majiya a jihar Jigawa, a Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta fetur ce. Amma rashin saurin kamawa ba rashin kamawa ba ne. Tankin kamfani yana da shinge a ciki da ke hana mai tunkuɗa gaba ɗaya idan an taka birki, yana da ƙofar iska, an kuma ajiye shi a tsakanin ƙarafunan shasi inda karo ba zai fara samunsa ba. Na mai walda sau da yawa ba shi da ko ɗaya, ga tsatsa da ɓurɓushin walda da za su bi mai su tafi filta. Jarka kuma, bayan dattin da mazurari ke shigarwa a gefen hanya, tana da wata matsalar ta daban. A shekarar 2021 jihohin Zamfara da Katsina sun hana sayar da mai a jarka saboda 'yan bindiga, kuma wanda ya nufi Yobe da Borno ya san tambayoyin da zai amsa a shingen sojoji idan aka ɗaga tamfol aka ga mai. A ganina, jarka guda ta ƙarfe mai kyakkyawan murfi, ga mai shiga daji da damina, abu ne na hankali. Abin da ya wuce haka, ga motar da tankinta zai kai ta Kano ya dawo da ita, ɗaukar haɗari ne ba tare da buƙata ba.

Akwai wani haɗari da ke jiran ɓangarorin biyu a bakin famfo. Tun da yawancin Hilux a nan na fetur ne, yaron gidan mai yakan ɗauka kowace ma haka take, kuma bakin famfon fetur siriri ne, yana shiga wuyan tankin dizal ba tare da gardama ba. Direban da ya miƙa makulli ya tafi sayen goro yana iya dawowa ya tarar an gama aiki. Idan hakan ta faru, kada a kunna mota ko sau ɗaya. A tura ta gefe a zuƙe tankin.

Wanda ya fito ya tsaya a kan famfo shi ne kuma zai ga lita, a nan ne rigimar ƙarshe take. Littafin mota ya ce 80, famfo ya nuna 84, sai murya ta tashi: "Kun taɓa lita!" Ba kullum ne zargin ke zama gaskiya ba, domin wuyan tanki da wurin da aka bari don kumburi suna iya ɗaukar 'yan litoci idan an matsa. Amma motar da ta shigo da ƙafarta, allura a kan kwata, aka ce ta sha 78, wannan babu wuyan tankin da zai bayyana shi. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa a madadin DPR, da sashen awo da ma'auni na ma'aikatar kasuwanci ta tarayya, su ne ke da alhakin duba famfuna, kuma sukan rufe gidajen man da aka kama. Sai dai jami'i yakan zo ne lokaci-lokaci, direba kuwa kullum yana can. Jarkar roba ba za ta raba gardama ba, don ita ma takan ɗauki fiye da abin da aka rubuta a jikinta. Abin da nake so in gani shi ne ƙungiyoyin direbobi na Bauchi, NURTW da masu dakon kaya na Muda Lawal da Wunti, su haɗa kuɗi su sayi ma'aunin ƙarfe na lita 20 wanda hukuma ta tantance ta buga wa hatimi, a ajiye shi a ofishin tasha. Duk ɗan ƙungiyar da ya yi shakkar wani famfo ya ɗauka ya je tare da shaida biyu, a auna a gaban manaja, a rubuta sakamakon a allo a tasha, da sunan gidan man da kwanan wata, a kuma aika wa hukuma kwafi.